Ƙwayar Cutar Kwamfuta Mai Neman Fansa

Wannan muguwar manhaja ce wadda kan ɓad da kama cikin siffar wasiƙa ko takarda ta gaskiya, in an buɗe ta, ta kulle bayanan na'ura har sai an biya fansa. An fara ganin irinta a 1989, amma WannaCry ta watan Mayun 2017, wadda ta addabi asibitocin Ingila da ƙasashe wajen 150, ita ta bayyana girman fitinar. Alamarta ita ce fayiloli su ƙi buɗuwa, saƙon barazana ya bayyana. Wajibi ne a raba na'urar da intanet, a tsabtace ta da manhajar riga-kafi, sa'an nan a maido da bayanai daga ajiyar da aka keɓe, domin cire cutar ba ya buɗe abin da ta riga ta kulle.