Malaman da Ke Tafiya da Damina

Idan gero ya kai gwiwa a gonakin bayan makarantarmu, to gidajen kwatas sun kusa zama babu kowa. Haka na gani ina ɗalibi a tsakiyar shekarun 1970, haka kuma na tarar da na dawo na riƙi alli a ƙasarmu ta Gobir, tsakanin Isa da Sabon Birni. Makon ƙarshe na zango na uku, malaminmu na lissafi, Ba'indiye daga Kerala, yakan fito da akwatunan ƙarfe biyu ya shanya su a rana. Matarsa, wadda ke koya mana ilimin halittu, tana ciki tana toshe tagogi da tsofaffin jaridu saboda feshin ruwa. A kashe firji mai kananzir, a bar ƙofarsa a buɗe, a raba wa maƙwabta sauran albasa da garin alkama. Daga nan sai ya kira tsohon da ke gadi ya miƙa masa mabuɗi, da 'yar Hausarsa mai lanƙwasa: "Baba, gida amana. Sai Satumba." Tsohon ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Allah shi kai ka lahiya, Malam. A gaida mutanen gida."

Turawan cikin baƙin malamanmu suna da wata kalma da suke kiran wannan lokaci da ita, wadda kunnenmu ke ji kamar "sama". Mun daɗe muna zaton don jirgin sama za su hau shi ya sa. A wurinsu lokacin rana ne da hutawa. A wurinmu damina ce tsaf, lokacin noman farko da maimai, lokacin da gulbin Rima ke cika har hanya ta yanke. Dogon hutu ɗaya ne a takarda, amma su tikiti yake nufi, mu kuma hauya.

Baƙon malami ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Shaihu Maghili daga arewacin Afirka ya zo Kano da Katsina a ƙarshen ƙarni na 15. Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu, ya yi zama a Agadas kuma ya sha hanyar Makka. Kangon Alƙalawa yana nan kusa da mu, garin da malamai suka riƙa shiga da fita kafin ya faɗi a 1808. Abin da boko ya ƙaro shi ne malami mai kwantiragi, wanda aka rubuta masa ranar zuwa, da ranar hutu, da ranar komawa. Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawar Kano a 1909, aka kafa Kwalejin Katsina a 1921, kuma a wannan kwaleji ne Sardauna Ahmadu Bello ya yi karatu kafin ya dawo ya koyar a Midil ta Sakkwato. A 1934 aka ɗauko malamai daga Sudan don makarantar shari'a ta Kano, wadda ta zama Makarantar Ilimin Larabci. Turawan wancan zamani ta jirgin ruwa suke tafiya hutu, su yi watanni. Mu a gabashin Sakkwato labarinsu kawai muke ji, domin yaron da ya ci jarrabawa daga nan sai ya yi tattaki zuwa Sakkwato ko Gusau ko Maru kafin ya ga baƙon malami ido da ido.

Bayan samun 'yancin kai sai ga wasu irin Turawa daban, 'yan sa-kai, samari da 'yan mata da ba su daɗe da gama jami'a ba: 'yan VSO daga Ingila, 'yan CUSO daga Kanada, da 'yan Peace Corps da Amurka ta fara turowa a 1961. Waɗannan ba su da kuɗi, alawus kawai ake ba su. Babur suke hawa, suna cin tuwo da hannu, wasu cikin wata shida sun iya ciniki a kasuwar Alhamis ta Shinkafi. Yayyenmu da suka yi karatu a hannunsu har yanzu suna tuna sunayensu.

Amma cikar kasuwa sai da kuɗin mai ya zo. A Janairun 1974, a garin Sakkwato, Janar Gowon ya yi shelar ilimin firamare kyauta ga kowa, aka fara shirin a Satumbar 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Sakkwato. Yara suka yi ambaliya. Aka buɗe makarantun horon malamai da na sakandare a garuruwan da ba su taɓa mafarkin samu ba. Gini ba ya wuyar tashi idan akwai kuɗi, amma wa zai koyar da kimiyya? Kwalejin horon manyan malamai ta Sakkwato a 1970 aka kafa ta, jami'a kuma a 1975, duk ba su fara yaye abin da zai isa ba. Sai aka riƙa tura jami'ai ƙasashen waje ɗaukar malamai. Indiyawa da 'yan Fakistan suka riƙe lissafi da kimiyya, 'yan Filifin wasu kimiyya wasu koyon sana'a, Misirawa da 'yan Sudan Larabci da addini, 'yan Gana kuwa Turanci da duk darasin da ya rasa mai shi. Akwai shekarar da a ɗakin malamanmu, in ka cire mai koyar da Hausa da mai koyar da addini da 'yan bautar ƙasa biyu, duk sauran fasfo gare su.

Me ya kawo mutum daga Kerala mai ruwa da kwakwa zuwa inda zafin Afrilu ke narka kwalta? Naira. A 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja nesa ba kusa ba. Kwantiragin ya ba shi gida da kayan ɗaki, da rancen mota, da izinin aika wani kaso na albashinsa gida da kuɗin waje, da garatuti idan wa'adi ya cika, da tikitin jirgi shi da iyalinsa. Na taɓa ganin takardar ɗaya daga cikinsu da idona lokacin da nake taimakon mataimakin shugaban makaranta da fayil-fayil. Na karanta ta sau biyu, na tuna ɗakin haya da nake ciki a cikin gari, ranar ban yi barci da wuri ba.

Tafiyar hutun kanta kowa da irin tasa, kuma daga yadda mutum ke tafiya kana iya gane nauyin aljihunsa. Indiyawa da 'yan Fakistan sukan ɗauki fijo ta Shinkafi da Ƙauran Namoda da Gusau har filin jirgin Kano. Wasu su tsaya Landan ko Rum ko Dubai kwana biyu su yi sayayya, sannan su isa gida ana tsakiyar ruwan damina irin tasu. A can ake ɗaura auren ƙanne, a duba ginin da albashin Sakkwato ke ɗagawa. Musulmin cikinsu da Misirawa sukan ratsa ta Jidda su yi Umara, a 1985 da 1986 kuma da Babbar Salla ta faɗo cikin Agusta, wasu suka dawo mana da sunan Alhaji. 'Yan sa-kai na Turawa, da yake babu kuɗin zuwa gida kowace shekara, Afirka suke zagawa. Mu da muke bakin iyaka ta wajenmu suke bi: su haura Maraɗi, su wuce Damagaram ko Tawa, su kai Agadas, masu ƙarfin hali su bi manyan motoci har Tamanrasat. Wasu Jos da Yankari sun ishe su. Malamanmu 'yan Gana su ne suka fi ba ni tausayi da sha'awa. A mota suke tafiya kwana da kwanaki, ta Illela da Ƙonni da Yamai da Wagadugu har Kumasi, da katan-katan na sabulu da madara da sukari, domin a shekarun nan waɗannan abubuwa sun yi wuya a ƙasarsu.

Satumba kuwa biki ce. Malamin labarin ƙasa, wani Bature dogo, ya dawo wata shekara da gishirin Bilma da ƙaramin buhun yashin Tenere da hotuna. Ya rataya farin zanen gado a bangon ɗakin cin abinci, aka tayar da janareto, ya haska mana hotunan ɗaya bayan ɗaya: duwatsun Azbin, hasumiyar masallacin Agadas, ayarin raƙuma. Wani yaro daga wani ƙauye kusa da iyaka ya miƙe ya ce, "Malam, ai kakana ya sha zuwa nan da jakai." Malamin ya kashe na'urar, ya zaunar da yaron gaban aji, ya ce ya ba mu labarin. Ranar na fara gane cewa abin da ke cikin taswira ƙasar kakanninmu ce, kuma ranar na ƙudura zan zama malami.

Ba dukkansu ne zinariya ba, kuma ba na son a rubuta tarihin nan kamar waƙar yabo. Akwai wanda muka shekara ba mu fahimci Turancinsa ba, sai dai mu kwafe abin da ke allo mu haddace. Akwai wanda kullum sai tsakiyar Oktoba yake dawowa da uzurin jirgi, 'yan aji biyar suna zaune jarrabawa na matsowa. Akwai wanda bai taɓa taka cikin gari ba, daga kwatas sai aji, yana ƙirga watanni. Amma akwai irin matar nan ta Kerala da ke tura mu fadama mu kamo kwaɗi, ta tsaya kanmu har kowa ya iya riƙe wuƙar fiɗa, kuma ita ce ta bi wani uba har gida sau uku don kada a cire 'yarsa daga makaranta. Akwai kuma waɗanda suka zo koyarwa ƙasar ta koyar da su. Jean Boyd ta zo Najeriya a 1955, ta yi shekaru masu yawa tana aikin ilimi a Sakkwato, ta rubuta littafi kan Shehu Usmanu tare da Alhaji Shehu Shagari, kuma ta hanyar aikinta ne mutane da yawa a duniya suka san Nana Asma'u.

Watsewar ta zo da sauri fiye da taruwar. A Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta ba baƙi marasa takardu wa'adin barin ƙasa. Malaman Gana da yawa suna da takardunsu, amma tsoro da wulaƙancin hanya suka sa wasu suka bi ayari. A 1984 gwamnatin soja ta rufe iyakoki, ta canza kuɗi, ta kuma rage abin da baƙo zai iya aikawa gida. A Satumbar 1986 aka saki naira a kasuwar musaya, kafin shekara ta ƙare dala ɗaya ta haura naira uku. Albashin da ke gina gida a Kerala ya koma ba ya isar tikiti. Daga nan sai hutun damina ya zama ƙofar fita. Mutum ya miƙa mabuɗi kamar kullum, ya ce sai Satumba, Satumba ta zo ta wuce. Daga baya wasiƙa ta iso daga Oman, ko Botsuwana, ko Kanada. Malaminmu na lissafi haka ya tafi. Tsohon mai gadi ya riƙe mabuɗin nan har kaka ta wuce, yana share ƙofar gidan kowace safiya, kafin aka zo aka karɓa.

Abin da ke ci mini rai shi ne, an yi kusan shekara goma sha biyar ana sayen malamai, ba a yi amfani da wannan sarari an shuka namu yadda ya kamata ba. Yaran da baƙin nan suka horar da kyau a kimiyya, likitanci da injiniya da aikin banki suka tafi, kuma ban ga laifinsu ba, tunda sun ga yadda ake riƙon malami ɗan gida. Lokacin da tsarin karatu na 6-3-3-4 ya kankama, injinan koyon sana'a da aka sayo daga ƙasashen gabashin Turai sun iso makarantu da yawa daidai lokacin da masu iya kunna su ke haɗa kaya. Na ga akwatunan da gara ta ci katakonsu ba a taɓa buɗe su ba. Mu da muka rage muka raba darussa kamar gado: ni da na karanta labarin ƙasa na koyar da lissafi shekara huɗu, ina karanta babin gobe da daddare a gaban fitilar ƙwai. A 1987 kuma Najeriya ta kafa shirinta na tura ƙwararru ƙasashen Afirka da Karibiyan, sai ga wasu abokan aikinmu sun zama baƙin malamai a ƙasar wasu, suna dawowa hutu da akwatuna.

Yau maganar ta wuce ta baƙo daga Indiya. Hanyar da Bature ke bi a babur shi kaɗai zuwa Maraɗi, yanzu mai gari ma sai ya yi tambaya kafin ya hau ta. A Disambar 2020, bayan sace ɗaliban Ƙanƙara, gwamnatin Sakkwato ta rufe makarantun kwana 16 na yankunan iyaka, har da na Isa da Sabon Birni. Dubban mutanenmu suna gudun hijira a jihar Maraɗi. Ɗan bautar ƙasa da aka turo nan, kafin ya sauke jaka ya fara neman sauyi. Malami ɗan jihar nan da aka kawo gabas yakan bar iyalinsa a Sakkwato, ya zo Litinin in hanya ta yi kyau, ya koma Alhamis. Shi ne baƙon malaminmu na yanzu, sai dai babu gida, babu alawus, babu tikiti.

Na san abin da ya zaunar da mutumin Kerala shekara da shekaru a bakin gulbin Rima, domin na karanta takardarsa: gida mai kyau, albashi kan lokaci, hutu tabbatacce, da kwanciyar hankalin cewa zai kwana ya tashi lafiya. Ina roƙon gwamnatin jiha da 'yan majalisarmu na gabas, da 'ya'yan Gobir da suka zama manya ta hannun waɗannan malamai, su gyara gidajen kwatas da ke zube, su sanya alawus na musamman ga duk malamin kimiyya da lissafi da ya yarda ya zauna Isa ko Sabon Birni, su rubuta masa shi a takarda kamar yadda aka rubuta wa baƙo, sannan su tsare masa hanya.