Mace-macen ƙananan yara: inda aka samu sauƙi da inda ake da sauran aiki a Jama'are da kewaye

Masana lafiya na auna mace-macen ƙananan yara ne da adadin waɗanda ke rasuwa kafin su cika shekara biyar, cikin kowane dubu da aka haifa da rai. Binciken lafiyar al'umma da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke gudanarwa ya nuna cewa a Najeriya adadin ya kai 201 a shekarar 2003, ya sauko zuwa 157 a 2008, sai 132 a 2018, sannan 110 a binciken 2023 zuwa 2024.

Sai dai sauƙin bai kai ga jarirai sabbin haihuwa ba. Waɗanda ke rasuwa cikin watan farko 40 ne cikin dubu a 2008, kuma 41 ne a bincike na baya-bayan nan. Muradun ci gaba mai ɗorewa na Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa sun buƙaci a rage wannan adadi zuwa 12, na 'yan ƙasa da shekara biyar kuma zuwa 25, nan da 2030.

A watan farko, abubuwan da suka fi halaka jarirai su ne haihuwar bakwaini, da sarƙewar numfashi yayin naƙuda, da ƙwayoyin cutar da ke shiga jini, sau da yawa ta cibiya. Bayan nan sai zazzaɓin cizon sauro da ciwon sanyin haƙarƙari da gudawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce rashin abinci mai gina jiki na da hannu a kusan rabin mace-macen.

A Jama'are da ke arewacin Jihar Bauchi, yanayin ƙasa na ƙara wa matsalar nauyi. Kogin Jama'are da fadamunsa, waɗanda manoma da masunta suka dogara da su, na tara ruwan da sauro ke hayayyafa a ciki. Idan ambaliya ta zo da damina, rijiyoyi kan gurɓace, hanyoyin ƙauyuka kuma kan yanke, har mai naƙuda ta kasa isa babban asibitin garin ko asibitin gwamnatin tarayya da ke Azare a kan kari.

Matakan da aka ɗauka sun fi amfanar yaran da suka wuce wata guda. An fara allurar rigakafin cututtuka biyar a haɗe a 2012, da ta ciwon sanyin haƙarƙari a 2014, da rigakafin gudawar yara na ɗigawa a baki a 2022. Bauchi na cikin jihohin da ake bi gida-gida da damina ana bai wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro.

Ceton jariri a kwanakinsa na farko kuwa ya dogara ne da zuwa awon ciki, da haihuwa a hannun ƙwararriyar ungozoma, da tsaftace cibiya, da ɗumama jariri a ƙirjin uwa, da ba shi nono cikin sa'ar farko. Jami'an lafiya na jan hankalin iyaye cewa jaririn da ya ƙi kama nono, ko yake numfashi da sauri, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙwarai, a garzaya da shi asibiti ba tare da jiran ranar suna ba.