Kalaripayattu a Ƙarƙashin Mulkin Turawa

Idan muka waiwayi tarihin Malabar ta kudancin Indiya, za mu tarar tun yaro yana ɗan shekara bakwai ake kai shi kalari, wato makarantar koyon yaƙi. A nan zai fara da horon jiki, sannan sanda, daga bisani takobi da garkuwa.

Boren Sarki Pazhassi, wanda ya rasu a 1805, ya sa Turawan Ingila suka dage wajen ƙwace makamai. A 1854 suka haramta wuƙar yaƙin Malabar, a 1878 kuma dokar makamai ta game Indiya. Makarantu da dama suka durƙushe, amma wasu malaman ƙauye ba su daina koyarwa ba. A hannun almajiransu muke ganin fasahar ta farfaɗo a Thalassery bayan 1920.