Tasirin Siffar Ƙwayar Sinadarin Wanki a Kan Haɗuwar Misel

Sinadaran wanki da masana ke kira safaktan, irin su sabulu da omo, ƙwayarsu kashi biyu ce: kai mai son ruwa da wutsiya ta jerin kabon mai gudun ruwa. Idan suka kai wani adadi a cikin ruwa sai su dunƙule, wutsiyoyi a ciki, kawuna a waje. Wannan dunƙulen shi ne misel, kuma cikinsa maiƙo ke shiga ya rabu da tufa. James McBain ya fara bayaninsa a 1913, G. S. Hartley kuma ya siffanta shi da mulmulalle a 1936. Ginin ƙwayar ne ke yanke lokacin da misel zai haɗu da kuma kamannin da zai ɗauka.

Mu fara da wutsiya. Sinadarin SDS mai kabon 12 yana fara dunƙulewa a kusan milimol 8 cikin lita, a zafin digiri 25, kowane misel na ɗauke da ƙwayoyi wajen 60. Ɗan'uwansa mai kabon 10 sai ya kai milimol 33, mai kabon 14 kuwa milimol 2 ya ishe shi. Wato duk kabon ɗaya da aka ƙara, adadin da ake buƙata yana raguwa da kusan rabi, ƙa'idar da Klevens ya tsara a 1953. Dalili shi ne doguwar wutsiya ta fi takura wa ruwa, don haka ruwan ya fi saurin korar ta.

Kai kuwa shi ke jan birki. Kawuna masu caji iri ɗaya suna ture juna, shi ya sa safaktan marar caji mai kabon 12 da etilin oksaid shida a kansa ke haɗuwa a ƙasa da milimol 0.1. Zuba gishiri yana rage wannan turereniya, sai misel ya haɗu da wuri kuma ya ƙara girma.

A 1976 Israelachvili da Mitchell da Ninham suka haɗa waɗannan a lissafi ɗaya: a raba girman wutsiya da faɗin kai sau tsawon wutsiya. Idan sakamakon bai wuce 1/3 ba, ƙwayar tana kama da mazurari, sai a samu mulmulallen misel. Tsakanin 1/3 da 1/2 misel yana miƙewa ya yi tsawo, ruwan ya yi kauri, abin da masu haɗa sabulun ruwa ke samu idan suka sa gishiri. Daga 1/2 zuwa 1, inda ƙwayoyi masu wutsiya biyu suke, shimfiɗa mai ruɓi biyu ake samu, irin wadda ta lulluɓe ƙwayoyin halittar jikinmu.

Cajin kai kuma yana bayyana ƙin kumfar sabulu a ruwan wasu rijiyoyi. Kalsiyam da ke cikin irin wannan ruwa yana ɗaure ƙwayoyin sabulu biyu-biyu, su koma dauɗa mara narkewa tun kafin su dunƙule. Saboda haka mai haɗa sabulu ya kamata ya duba tsawon wutsiya, cajin kai da irin ruwan masu saye kafin ya duba ƙamshi da launi.