Giya da Tarihin Harshen Cekawa

Jama'a, kada ku ga kan maganata ku zaci tallar giya na zo yi. Ni ɗalibin harshe ne, kuma bin sawun harshe ne ya kai ni ƙofar mashayar Cekawa, mutanen wata ƙasa da ke tsakiyar Turai.

Tun cikin 993 aka kafa gidan 'yan zuhudun Kirista na Brevnov, kusa da birnin Prag, kuma masu tarihi suna danganta farkon dafa giya a ƙasar da shi. Amma abin da ya fid da sunan Cekawa a duniya ya faru ne a garin Pilsen. Cikin 1838 giyar garin ta lalace, har aka tuntsurar da ganga 36 a gaban majalisar gari. Sai attajirai suka haɗa jari suka gina sabuwar masana'anta, suka ɗauko wani gwani, Josef Groll, daga Bavariya. Cikin 1842 ya dafa wata giya garau mai launin zinariya, wadda yau duniya ke kwaikwayo da sunan Pilsner.

To, ina harshe ya shigo? Bayan da sarakunan Habsburg suka ci Cekawa da yaƙi cikin 1620, sannu a hankali Jamusanci ya mamaye fada da ofis da manyan makarantu, aka bar wa talakawa da mutanen ƙauye harshen Cek. A mashaya kuwa babu mai hana talaka hira da waƙa da harshen uwarsa. Da masu kishin harshe suka tashi cikin ƙarni na 19, a nan suka riƙa taruwa, ana karanta jarida, ana kafa ƙungiyoyi. Har cikin 1895 Cekawan garin Budejovice suka kafa masana'antar giya tasu don su yi gogayya da ta Jamusawan garin.

Adabinsu ma bai rabu da mashaya ba. Yawancin barkwancin littafin Jaroslav Hasek na soja Svejk irin hirar mashaya ce. Vaclav Havel, da gwamnatin kwaminis ta hana shi sana'ar wasan kwaikwayo, ya yi leburanci a wata masana'antar giya cikin 1974, ya kuma rubuta wasa a kan zaman. Cikin 1989 ya zama shugaban ƙasa.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Shekaru da dama Cekawa ke kan gaba a duniya wajen shan giya, fiye da lita 100 ga kowane mutum a shekara, kuma likitocinsu suna kuka da cututtukan da ke biyo baya.

A ganina ba giyar ce ta raya harshensu ba, zaman tare ne. Harshen da aka kora daga fada ba ya mutuwa muddin yana da inuwar da ake hira da shi. Mu namu zaure ne da dandali da teburin mai shayi. Wa ke rubuta abin da ake faɗa a can?