Gonakin Hawa-Hawa na Sukur

Sukur gari ne a kan Duwatsun Mandara, cikin ƙaramar hukumar Madagali ta Jihar Adamawa, dab da iyakar Kamaru. Mutanensa sun sassare gangaren dutse hawa-hawa, suka tokare kowane hawa da jerin duwatsu, ba laka ba siminti. Gwanintar a nan take: in ruwan damina ya kwararo, katangar ta karya ƙarfinsa, ƙasa ta sha, rarar ta tsiyaye ta tsakanin duwatsun, zaizaya ba ta kwashe gonar dawa ba. Hanyoyi da aka daɓe da faffaɗan duwatsu, wani wurin matakala ce sosai, su ke haurawa zuwa fadar Hidi, sarkin garin. A 1999 UNESCO ta sanya Sukur cikin wuraren tarihi na duniya, na farko a Najeriya.