Tazarar da ke Tsakanin Firam da Bango

A Ingila taga ta daɗe tana haɗa mai gida da hukuma. A 1696 aka ɗora haraji bisa yawan tagogin gida, mutane suka riƙa toshe wasu da bulo don rage abin da za su biya, kuma ba a soke harajin ba sai 1851. Amma rigimar da ta fi taɓa talaka daga baya ta zo, kuma tushenta siririyar tazarar nan ce da ke tsakanin firam da bango, inda iska ke kutsawa idan mai kafa taga ya yi aikin ganin ido. Tarihin wannan sana'a ya nuna cewa haƙƙin mai saye ba ya cika muddin doka kaya kawai take dubawa, ta bar hannun da ya kafa kayan.

Abubuwa biyu ne suka buɗe kasuwar sauya taga. A 1959 kamfanin Pilkington ya bayyana sabuwar hanyar yin gilashi, inda ake malala narkakken gilashi a kan narkakken kuza, ya fito sumul da araha. Sai tsadar man fetur ta 1973 ta sa kuɗin ɗumama gida ya zama abin kuka. Nan take taga mai gilashi biyu, wadda iskar da ke tsakiyarta ke riƙe ɗumi, ta zama abin yayi, kuma cikin shekarun 1980 firam na roba ya fara ture na katako da na alminiyam. 'Yan talla suka bazu gida-gida. Mutum zai zauna a falonka tun magariba, ya yanka farashi mai tsada, ya yi ta ragewa, ya ce rangwamen na daren nan ne kaɗai, har ka gaji ka sa hannu ka ba da kafin alƙalami. Wanda ya yi maka daɗin bakin ba shi zai zo aikin ba. Wasu ne daban, sau da yawa ana biyansu gwargwadon yawan tagogin da suka kafa. Idan awo ya kuskure, sai a cusa kumfa a ramin, a lulluɓe da siririn faifan roba, a share gilashi ya yi ƙyalli. Da rani babu abin da za ka gani. Sai Disamba ta shigo ka tarar labule na motsi alhali taga a kulle take, baƙin danshi yana tsirowa a kusurwar bango.

Dokar sayar da kaya ta 1893 ta tanadi cewa kaya su kasance masu inganci, to amma a nan tagar lafiyarta ƙalau, kafawar ce ta lalace, kuma mai gida sai dai ya dogara da tsofaffin hukunce-hukuncen kotu da bai san da su ba. Sai a 1982 majalisa ta rubuta ƙarara cewa duk mai yi wa wani aiki don kuɗi dole ya yi shi da kulawa da ƙwarewa daidai gwargwado. A 1987 aka ba wanda ɗan talla ya faɗo wa gida ba gayyata kwana 7 ya janye daga ciniki. A Afrilun 2002 sauya taga ya shiga ƙarƙashin ƙa'idojin gini a Ingila da Wales, aka kafa tsarin FENSA, wanda ke ba masu sana'ar da suka yi rajista damar shaida aikinsu da takarda, takardar da lauyoyi kan nema ranar da za a sayar da gidan. Dokar haƙƙin masu saye ta 2015 ta ƙara ɗinke ɓarakar: idan mai sayarwa ne ya kafa kaya ya kafa su ba daidai ba, kayan kansu ba su cika sharaɗin ciniki ba, kuma aikin da aka yi da sakaci sai a sake shi kyauta ko a rage kuɗi.

Akwai masu cewa duk wannan ba dole ba ne, kasuwa da kanta za ta kori mai ha'inci. Wannan magana tana da ƙarfi a kan mai burodi, wanda kake komawa wurinsa kullum. Taga kuwa sau ɗaya ko biyu mutum ke saya a rayuwarsa, aibinta a ɓoye yake a bayan roba, kuma kafin sanyi ya tona shi kuɗi sun daɗe da shiga aljihu. Wasu kuma na cewa FENSA tamkar ba kura ajiyar nama ne, tunda ƙungiyar masu sana'ar gilashi ce ta kafa shi, kuma kaɗan daga cikin ayyukan ake zuwa dubawa. Ina ganin suna da gaskiya a wani ɓangare, domin takardar tana shaida bin ƙa'idar gini ne, ba ta alkawarin kyawun aiki. Duk da haka ta yi abin da babu shi a da: ta maƙala sunan wani a jikin kowace taga, wanda za a iya nema.

Inda har yanzu doka ke ɗingishi shi ne idan mai sunan ya ɓace. Kamfanin tagogi na Safestyle ya durƙushe a 2023, na Everest ya bi sahu a 2024, kuma garantin kamfanin da ya mutu takarda ce kawai sai in akwai inshora a bayanta. Wanda ya biya da katin bashi yana da mafita, don wata doka ta 1974 ta ɗora wa kamfanin da ya ba da katin alhaki tare da mai sayarwa a cinikin da ya haura fam 100 bai wuce 30,000 ba. Wanda ya biya da tsabar kuɗi kuwa sai ya shiga layin masu bin bashi. Ko kwana 14 na janyewa da aka tanada tun 2014 ba su cika shafar taga ba, saboda an keɓe kayan da aka yi bisa awon mai saye, kuma yawancin tagogin sauyawa bisa awon ramin bangon ake ƙera su.